Yadda Ake Amfani da Maganin Ƙurar Ƙarfe a Fentin Mota da Rim

A wanke farar mota tas, a tsane ta, sannan a matsa kusa da ƙasan ƙofofi ko murfin but. Sau da yawa za a tarar da ɗigo-ɗigo ruwan lemo, ƙanana ƙwarai, waɗanda sabulu da soso suka bi ta kansu ba su ɗaga ba. Ɓarɓashin ƙarfe ne ya kafe a cikin kiliya, wato ɓawon ƙyallin da ke saman fenti, ya soma tsatsa a wurin. Baƙar mota ma tana da shi, ido ne kawai ba ya kama shi. Hannu yana kamawa: ka zura tafinka cikin siririyar leda, ka shafa bonet a hankali bayan wanki. In ka ji gurza-gurza, akwai abin da ya maƙale.

Mafi yawansa daga birkin motar yake fitowa. Faifan birki yawanci ƙarfen zubi ne, fad ɗin birki da yawa kuma akwai ƙarfe a haɗinsa. Duk taka birki sai an kankare kaɗan daga kowannensu, ɓarɓashin ya tashi da zafinsa ya sauka a kan rim da gefen mota. Shi ya sa rim ɗin gaba ya fi na baya baƙi, domin birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Motocin Jamus irin su BMW da Mercedes sun yi suna wajen wannan baƙar ƙura. Sauran hanyoyin su ne layin dogo, masana'antu, da tartsatsin injin gurza ƙarfe. Motar da ta yi kwanaki a garejin fanal bita, ko ake ajiye ta kusa da rumfar mai walda, tana iya kwasar ƙarfen da wata ba za ta tara a shekara ba. Motocin tokumbo su ma sukan iso da nasu, saboda zaman da suka yi a tashoshin jiragen ƙasa da na ruwa.

Barin sa illa ne, don ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi. Yana ƙara buɗe ramin da ya zauna a ciki, tabon kuma yana faɗaɗa.

Abin da ke cikin kwalbar

A jikin kwalbar maganin za ka ga an rubuta Iron Remover ko Fallout Remover. Cikin sanannu akwai CarPro Iron X, Gyeon Q2M Iron, Bilt Hamber Korrosol da Koch Chemie Reactive Rust Remover. Akwai kuma sabulun rim da aka zuba wa sinadarin, kamar Sonax Wheel Cleaner Full Effect da Bilt Hamber Auto Wheel. Sunaye daban-daban, amma jigon aikin kusan ɗaya ne: gishirin sinadarin tayogilaikolet, na sodiyam ko na amoniyam. Dangin sinadarin nan ne ake sakawa a man cire gashi, kuma sulfar da ke cikinsa ce ke ba shi wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kamfanoni na zuba turare don rufe warin, ba ya rufuwa.

Idan ya haɗu da tsatsar da ke jikin ɓarɓashin, sai ya mayar da ita wani haɗi mai narkewa a ruwa, kuma haɗin nan ne ke fitowa da launin zoɓo yana gangarowa. Abin lura a nan shi ne, ba lalle ne maganin ya cinye ɓarɓashin gaba ɗaya ba. Gefensa da ya yi tsatsa yake ci, ya rage masa kauri, ya saki riƙon da ya yi wa kiliya, sai ruwa mai ƙarfi ya ture shi. Don haka ɗauraya rabin aikin ce. Wanda ya fesa magani ya sha kallon launi, sannan ya watsa ruwa da kofi, ya bar ƙarfensa inda yake.

Yawancin waɗannan magunguna ma'aunin pH ɗinsu na kusa da 7 ne, ba asid ba ne, shi ya sa ake iya sa su a fenti. Kada a ɗauka ɗaya suke da tsohon ruwan wanke rim mai asid. Wasu daga cikin waɗancan suna ɗauke da asid ɗin haidurofulorik ko amoniyam baifuloraid, masu ratsa fata su yi ɓarna a ciki tun kafin mutum ya ji zafi. Duk ruwan wanke rim da aka ɗura a gorar ruwa babu takarda a jikinta, a bar shi inda aka gan shi.

Kayan aiki

Kwalba mai mililita 500 tana isar ƙaramar mota sau ɗaya, jiki da rim huɗu, har a samu saura in ba a yi almubazzaranci ba. A ƙiyasce, rim ɗaya na shan mililita 30 zuwa 50, jikin mota kuma 200 zuwa 300. Jif mai datti sosai na iya cinye kwalbar duka. Sai a tanadi:

- injin feshin ruwa, ko aƙalla tiyo mai ƙarfi
- bokiti biyu na jikin mota, da na uku na rim kaɗai
- sabulun wankin mota, ba omo ba
- buroshi mai laushi na fuskar rim, da dogo mai shiga cikin tulun rim, wato zurfin da ke bayan fuskarsa
- ƙaramin buroshi na ramukan noti
- safar wanki ta maikurofaiba da tawul ɗin tsanewa
- safar hannu ta roba da tabarau

Safar hannu ba ado ba ce. Maganin na sa ƙaiƙayi, wasu kuma fatarsu kan daina jure shi bayan yawan taɓawa, kuma warin na kwana a hannu. A yi aikin inda iska ke ratsawa, mai fesawa ya ba iska baya. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintoci. Kada a gauraya shi da haifo ko da asid kowane iri.

Rim tukuna

Da rim ake farawa, domin shi ya fi datti, kuma abin da zai fantsama daga gare shi gara ya sauka a kan fentin da ba a wanke ba.

Sharaɗi na farko, rim ya huce. Motar da ta shigo daga hanya, faifan birkinta na iya ƙona yatsa. A ba ta aƙalla rabin sa'a a inuwa, sannan a kai bayan hannu kusa da rim a ji. Magani a kan rim mai zafi bushewa zai yi cikin daƙiƙu ya bar tabo, ruwan sanyi a kan faifai mai zafi kuma ba alheri ba ne ga faifan.

1. Ka fesa ruwa ka kori yashi da laka daga rim, taya da cikin marfin taya.
2. Ka wanke rim da sabulu da buroshi, ka ɗauraye. Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, su fesa magani mai tsada a kan taɓo. Maganin zai ƙare a saman datti bai kai ga ƙarfen da ya kafe ba. In kana amfani da sabulun rim mai haɗe da sinadarin, kana iya haɗa wannan mataki da na gaba a rim mara datti sosai.
3. Ka bar ruwa ya tsiyaye na minti ɗaya ko biyu. Danshi kaɗan ba laifi, amma rim mai ɗigar ruwa zai tsinka maganin ya zubar da shi ƙasa.
4. Ka girgiza kwalbar, ka fesa daga ƙasa zuwa sama, tazarar kamar taƙi ɗaya. Ka shigar da bakin feshin tsakanin ƙafafun rim don ya kai cikin tulu, inda ƙura ta fi taruwa, ka bi ramukan noti da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad ɗin birki.
5. Ka jira minti 3 zuwa 5, ko abin da takardar kwalbar ta ce. Launi kan soma fita cikin minti na farko.
6. Tun yana jiƙe, ka motsa shi da buroshi: tulu, fuska, sannan noti.
7. Ka ɗauraye da ƙarfi har ruwan da ke fita ya zama fari. Ka nace a ramukan noti, bayan ƙafafun rim, da gefen da taya ta haɗu da rim, don nan magani ke ɓuya ya tsiyayo daga baya.

Rim ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya fesa wa huɗun gaba ɗaya, kafin ya gama na biyu na huɗu ya bushe.

Rim ɗin da ya shekara ba a kula da shi ba, zagaye ɗaya ba zai ishe shi ba. A maimaita sau biyu ko uku, ana ɗauraya tsakani, ya fi a bar magani ya daɗe a zagaye ɗaya. In bayan na uku akwai sauran baƙaƙen ɗigo a kusurwa, watakila kwalta ce, wadda wannan magani ba ya taɓawa, ko kuma ƙurar ta riga ta ci kiliyar ta huda. Wannan na biyun sai mai fenti.

Da zarar an gama za ka ga faifan birki ya yi ja da tsatsa cikin mintoci. Ba ɓarna ba ce, haka ƙarfen zubi ke yi in ya jiƙe. Bayan kammala dukkan aikin a tuƙa motar a hankali a ɗan taka birki sau kaɗan, zai share. A kula, takun farko birki ba ya kamawa kamar kullum. Kuma kada a ajiye motar kwana da kwanaki da jiƙaƙƙen faifai an ja birkin hannu, fad na iya mannewa.

Jikin mota

Tsarin shi ne wanki, maganin ƙarfe, maganin kwalta, yumɓun goge fenti (dunƙule mai laushi da ake shafawa ya tsince abin da ya maƙale), folish in ana so, sai kariya. Wasu na sa maganin kwalta kafin na ƙarfe, kuma suna da hujja a motar da ta bi sabon titi, tunda kwalta na rufe ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ko wanne aka gabatar, abin da ba a sauyawa shi ne magunguna su riga yumɓu. In yumɓu ya riga, shi zai tsinci ɓarɓashin ƙarfen ya yi ta jansa a kan fenti yana zana layi.

A wanke motar da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye safa. A ɗauraye. Daga nan ra'ayi ya rabu: a busar ko a bari a jiƙe? A busasshen fenti maganin ya fi ƙarfi, kuma ya fi tsayawa inda aka sa shi. A jiƙaƙƙe ya fi yaɗuwa, ya fi jinkirin bushewa, amma ya ɗan tsinke. A ƙasa mai sanyi busarwa ta fi. A wuri mai zafi, barin ɗan danshi bayan ruwan ya tsiyaye shi ne hankali, don asarar ɗan ƙarfi ta fi tabo sauƙi.

A raba motar gida-gida. Gefe ɗaya, a gama, a koma ɗayan, sai baya, sai bonet da rufi. A tsayayyun wurare a fesa daga ƙasa zuwa sama, saboda in aka fara daga sama maganin zai gangaro ta busasshen wuri ya yi layi-layi. Feshi mai laushi ake so wanda zai rufe ko'ina, ba ambaliya ba. Wuraren da suka fi buƙata su ne ƙasan ƙofofi, bayan kowace taya, bamban baya da murfin but. Bayan mota na tara ƙura fiye da yadda ake zato, don iskar da ke juyawa a bayanta tana maido da ita. Rufi da bonet kan yi nauyi ne a motar da ta zauna kusa da layin dogo ko wurin walda.

Bayan minti 2 ko 3 za a ga ɗigo-ɗigo suna zubar da launi. A nan ana iya ɗaukar jiƙaƙƙiyar safar wanki, wadda aka ware don wannan aiki, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba. Amfanin shafar shi ne ta kai sabon magani kan ɓarɓashin, ta kuma raba shi daidai. Kafin cikar minti 5 a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, bakin injin na nesa da fenti kamar santimita 30. A bi bakin gilashi, hannun ƙofa, bayan madubi, tambarin mota, ramin lamba da murfin tankin mai. Sannan a sake wanke motar da sabulu sama-sama, don kawar da sauran magani da warinsa.

A baƙar mota ko shuɗiya mai duhu ba za ka ga launin a jiki ba. Ka dubi ruwan da ke ɗiga ƙasa, kuma ka dogara da agogo, ba ido ba.

Zafi da iska

Kusan duk ɓarnar da ake ɗora wa wannan magani, bushewa ce ta jawo ta. Minti 5 ɗin da aka rubuta a kwalba na fenti mai sanyi ne a inuwa. A bazarar Kano ko Maraɗi, bonet ɗin da ya sha rana ba zai riƙe magani jiƙe ko minti ɗaya ba. Hunturu ya fi yaudara: gari da sanyi, mutum ya saki jiki, amma busasshiyar iska na tsotse ruwan da sauri, ga ƙura tana sauka a kan jiƙaƙƙen fenti.

Don haka a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa. A rage girman wurin da ake fesawa, ƙofa ɗaya ko biyu a lokaci guda. In gefe ya soma bushewa kafin lokaci, a ɗan yayyafa masa ruwa ko a ƙara feshi kaɗan. In ya riga ya bushe, kada a goge shi a bushe. A sake jiƙa wurin da maganin ko ruwan sabulu, a ba shi minti ɗaya, a wanke. Yawanci yana fita. Wanda ya ƙi fita a fenti, folish mara kaifi na ɗauke shi. A kan baƙar robar da ba a yi wa fenti ba ne ya fi taurin kai, shi ya sa ake ɗauraye ta da wuri.

Wani abu kuma da kan rikita masu aiki a ƙasar jar marmara: jan da ke cikin ƙasar nan tsatsar ƙarfe ce. Motar da ba a wanke da kyau ba tana iya nuna launi ko'ina, mai ita ya ɗauka fentinsa ya cika da ƙurar birki, alhali ƙasar hanya ce maganin ke ci. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ma na da ƙarfe, irin wanda ke barin jan tabo a tanki. A gwada: a ɗiba a farin kofi a fesa magani sau ɗaya. In ya sauya launi, to launin da ake gani a jikin mota ba duka ne shaida ba.

Inda ake taka-tsantsan

Rim mai fenti da kiliya, wanda shi ne akasarin rim ɗin da motoci ke zuwa da shi, ba shi da matsala. Tsurar alminiyam da aka goge ba a rufe ba, da rim mai rinin lantarki, da wanda kiliyarsa ta soma ɓarewa, su ne masu iya dusashewa ko yin tabo. A gwada a ɓoyayyen wuri na minti 2 kafin a yi gaba. Haka fenti mara ƙyalli da motar da aka naɗe da leda. Motar da aka yi wa sabon fenti a jira ya gama ƙarfi, a tambayi mai fentin, yawanci wata ɗaya zuwa uku. Motoci masu faifan birki na kabon-seramik, a bi umarnin kamfanin motar, kada a fesa kai tsaye.

In ka ga wuri ɗaya yana ta zubar da launi zagaye bayan zagaye, ka duba da kyau. Sau da yawa tsakuwa ce ta fasa fenti har ƙarfen jikin motar ya fito. Ko ka ƙarar da kwalba ba zai daina ba. A ɗauraye, a busar sosai, a ɗiga masa fentin gyara. Wannan magani ba ya warkar da tsatsar da ta taso daga ƙarƙashin fenti ta kumbura shi.

Ƙasa ma na ɗaukar tabo. Siminti da intalok masu haske suna shan ruwan nan su riƙe. A jiƙa ƙasan kafin a fara, a kore ruwan da zarar ya sauka, kuma kada a bar shi ya kwarara inda dabbobi ke sha.

Bayan an ɗauraye

A sake gwajin leda. In fentin ya yi santsi, an gama da wannan mataki. In da sauran gurza-gurza, abin da ya rage ba ƙarfe ba ne kawai: feshin fenti, ƙaron itace, ƙurar siminti ko kwalta. Nan yumɓu ke shigowa, da ruwan santsi mai yawa, ana ninke shi akai-akai. Zai yi sauri, kuma zanen da zai bari kaɗan ne, tunda kaifafan sun riga sun tafi.

Waks na gargajiya kan yi rauni bayan wannan wanki, don haka a sabunta shi. Rufin seramik, wato kariya mai tauri da ake shafa wa fenti, yana jurewa. Hasali ma, motar da ke da shi in ruwa ya daina dunƙulewa a kanta, sau da yawa ƙarfe ne ya toshe saman, kuma zagaye ɗaya na magani kan dawo da shi. Rim ma a sa masa kariya, ko da ta feshi ce, domin ƙurar birki ba ta kama rufaffen rim kamar yadda take kama tsirara. Wanda baƙin rim ya dame shi ƙwarai, in lokacin sauya fad ya yi ya nemi na seramik, ƙurarsa ta fi kaɗan kuma ta fi haske.

Ba maganin kowane wanki ba ne. Jikin mota sau 2 zuwa 4 a shekara ya isa, sai kuma duk lokacin da za a yi folish ko sabon rufi. Rim kuwa sau ɗaya a wata ko wata biyu, tsakani sabulu da buroshi sun wadatar. Tsinka shi da ruwa don ya daɗe, sai in takardar kwalbar ta yarda, kuma a haɗa iya abin da za a yi amfani da shi a ranar.

Bayan aiki a cire kan feshin a tsotsa masa ruwa mai tsabta har ya fita fari, don maganin na cin ƙaramin sifirin da ke ciki. A mayar da murfin asali a ɗaure sosai, a ajiye kwalbar a tsaye a inuwa, nesa da yara. Kada a bar ta a cikin but: in zafi ya sa ta yoyo a kan kafet, warin na iya ɗaukar makonni bai fita daga motar ba.